Musayar Baitoci: Kan Jirgin da Ke Kwance a Zariya

Baba Ɗan Reluwe, Zariya:
Salamu alaikum. Jiya na bi ta tasha, na dawo na kasa cin tuwo. Ga abin da ya zo mini, mai amsa ya kawo.

Na je tashar Zariya da hantsi,
Ban ji usur ba, ban ga hayaƙi ba.
Kan jirgin da muka ciyar da kwal na Inugu,
Tsatsa ta cinye, ba a ko rufe shi ba.
Ƙadangaru ke kwana a tukunyarsa,
Wadda a da ba ta san sanyi ba.
Da ƙuruciyata na zuba mata shebur,
Kantar hannuna ba ta manta ba.

Jikar Mai Tuta, Ƙaura Namoda:
Sannu Baba, kukanka ya iso Ƙaura,
Mu ma nan abin bai bar mu ba.
Tun 1929 dogo ya iso mana,
Auduga da gyaɗa ba su kwana a ƙasa ba.
Kakana ke ɗaga tuta, kore da ja,
Na gaji tutar, ban gaji jirgin ba.
Tana adaka, asu ya fara taɓa ta,
Ban sami wanda zan damƙa wa ba.

Ɗan Nguru:
Yaya, ki gode, ke kina da tuta,
Wasu ko ƙusa ba a bar musu ba.
Ringim, Malam Madori, sai Birniwa,
Tun ina yaro ban taɓa tsallake ɗaya ba.
A 1930 layin ya tsaya a ƙofarmu,
Shanu da fatu ba su rasa tarago ba.
Yau ɓarayin ƙarfe na kwance dogo da dare,
Su kai sikeli, ba su ji kunya ba.

Matashin Rigasa:
Baba, a yi mini afuwa in sa baki,
Jirgi fa bai mutu a ƙasar nan ba.
Tun 2016 muke hawa zuwa Abuja,
Ga sanyi, ga kujera, ba mu sha toka ba.

Baba Ɗan Reluwe:
Ɗana, Allah ya sa albarka, ka hau,
Ban taɓa yi wa sabo baƙin ciki ba.
Amma ka san ƙaramin layin Zariya zuwa Jos?
An rufe shi a 1957, ba ka gan shi ba.
Ya hau tsauni ya sauko da kuza,
Na nemi sawunsa a daji, ban gane ba.
Dogo ya shiga Kano a 1911,
Dalar gyaɗa ba ta tashi babu shi ba.
Rumfar kwano nake roƙa wa kan jirgin, da mai gadi,
Da ɗan fenti, ban ce a tada shi ba.
In riƙe hannun jikana in ce masa,
Nan na tsaya, gumi bai bar ni ba.

Jikar Mai Tuta:
Baba, in an kafa rumfar ka aiko,
Zan zo da tutar, ba zan aiko yaro ba.