Dokar Ƙasa da Ƙasa: Doka Ce, ko Ɓata Lokacin Ɗalibi?

Ɗalibar lauya: Assalamu alaikum yayyena. Zangon karatu mai zuwa za mu cike kwasa-kwasan zaɓi, kuma raina ya kwanta da dokar ƙasa da ƙasa. Sai wani babba ya ce mini ita ba doka ba ce, surutun manyan ƙasashe ne, kada in ɓata shekara a kanta. Ina neman shawara.

Barista na Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wanda ya faɗa miki bai yi ƙarya ba. Doka ita ce wadda in ka karya ta ɗan sanda zai zo, alƙali ya yanke, a tafi da kai gidan yari. A 1986 Kotun Duniya ta samu Amurka da laifi a ƙarar da Nikaraguwa ta kai ta. Amurka ta ƙi bin hukuncin, da aka kai maganar Kwamitin Sulhu kuma ta hau kujerar na-ƙi. A 2003 aka shiga Iraƙi ba da sahalewar kwamitin ba. Wa aka kama? Ki ɗauki abin da za ki ci abinci da shi. Masu zuwa ofishina rikicin fili ne, gado ne, bashi ne, beli ne.

Ɗan Kamba: Ranka ya daɗe Barista, ni ba lauya ba ne, amma a bakin iyaka aka haife ni, daga gidanmu zuwa Gaya ta Nijar ba wata tafiya ba ce. Ka san tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara? Tun farkon shekarun 1960 Nijar da Dahomey, wato Benin ta yanzu, suke ja-in-ja a kansa, makiyaya da manoma suna samun saɓani. Ƙasashen biyu da kansu suka kai maganar Kotun Duniya, a watan Yulin 2005 aka ce Lete na Nijar ne, aka raba sauran tsibiran, kowa ya karɓa. Ba a tura ɗan sanda ko ɗaya ba. In ba doka ba ce, me ya raba su?

Barista: Ƙananan ƙasashe ne, ɗana. Talaka shi ke bin doka ko a cikin gida.

Anti daga Yauri: Barista, a nan zan saɓa maka, kuma da girmamawa. Najeriya ba ƙaramar ƙasa ba ce a gaban Kamaru. Kamaru ta kai mu ƙara a 1994, aka yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002 cewa Bakassi tata ce, bisa yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1913. Sojojinmu suna can a lokacin, kuma babu mai iya fitar da su da ƙarfi. Amma Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kammala miƙa yankin a watan Agustan 2008. Ni har yau abin yana yi mini ciwo, saboda mutanen da aka raba da gidajensu da wuraren kamun kifinsu. To ciwon nan shi ne hujjata. Takardar da Turawa biyu suka rubuta kafin a haɗe Kudu da Arewa ita ta yanke makomar dubban mutane. Ƙasar da ba ta da masu iya karanta irin waɗannan takardu da taswirori, hayar lauyoyin waje za ta yi ta yi da kuɗi masu yawa. Kuma ba baƙon fage ba ne gare mu: Taslim Elias ya shugabanci Kotun Duniya daga 1982 zuwa 1985.

Malam na Argungu: Bari in sa baki kaɗan. Masu cewa wannan ilimin Turawa ne kawai su duba littattafan fiƙihu. Akwai babin siyar, wanda Imam Muhammad Shaibani, almajirin Abu Hanifa, ya yi fice a kansa: hukuncin sulhu, amanar jakada, yadda ake riƙon fursunan yaƙi, da cika alkawari ko da maƙiyi aka ƙulla shi. Yarinya, in kina karanta shari'ar Musulunci tare da ta zamani, za ki ga ƙofar a buɗe take.

Barista: Allah ya gafarta Malam, ban musa wannan ba. Amma ku amsa mini ɗaya. ECOWAS tana da yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a tun 1979. A watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin tudu, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, har wutar da ke tafiya Yamai daga nan Birnin Kebbi aka yanke. Ɗan Kamba, kai ne shaida, albasa da shanu nawa suka tsaya? Ina yarjejeniyar ta shiga a lokacin?

Ɗan Kamba: Wallahi mun sha wuya, ba na ɓoyewa. Har zumunci ya tsaya, biki da jana'iza sai ta hanyar daji. Amma abin da ya fi damuna shi ne ban ji wani lauya daga yankinmu ya tashi ya ce an taka mana haƙƙi ba, alhali kotun ECOWAS tana nan Abuja.

Anti: Nan ne gizo ke saƙar. Kotun nan mutum ɗaya ma yana iya kai gwamnati ƙara gabanta a kan haƙƙin ɗan Adam, ba sai ya gama zagaye kotunan gida ba. A 2008 Hadijatou Mani, 'yar Nijar da aka sayar tana yarinya, ta yi nasara a kan gwamnatin ƙasarta, kotu ta ce a biya ta sefa miliyan 10 saboda an kasa kare ta daga bauta. Ƙasa ce kusa da mu, ba Turai ba. Wasu lauyoyi ne suka san hanyar suka bi da ita.

Barista: Kuma hukunce-hukuncen kotun nan nawa gwamnatoci suka yi biris da su? Sannan kada ku manta da sashe na 12 na tsarin mulkin 1999: duk yarjejeniyar da Najeriya ta sa wa hannu ba ta aiki a kotunanmu sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka.

Anti: Haka ne, kuma a cikin wannan kwas ɗin ake koyon sashen da kyau. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam an mayar da ita dokar gida a 1983, shi ya sa Gani Fawehinmi ya dogara da ita har Kotun Ƙoli a shari'arsa da gwamnatin Abacha, wadda aka yanke a 2000. Kai kanka Barista, duk ƙarar tauye haƙƙi da ka shigar, ai kana ambaton ta.

Barista: Ina ambatonta, a matsayinta na dokar Najeriya. Ra'ayina bai sauya ba: a tsakanin manyan ƙasashe ƙarfi ke magana. Abin da zan yarda da shi kawai, lauyan Kebbi yana zaune tsakanin ƙasashe biyu, Nijar da Benin, don haka ba daidai yake da na wata jiha ba.

Ɗalibar lauya: Na gode ƙwarai. To yanzu da Nijar ta fita daga ECOWAS, ba shi ke nan an rufe wannan babin ba?

Anti: Sabo ma aka buɗe, ƙanwata. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, shekara guda bayan sanarwarsu, kamar yadda yarjejeniyar ƙungiyar ta tanada. Yanzu dole a zauna a sake tsara yadda ɗan kasuwa zai tsallaka, yadda makiyayi zai bi burtali da dabbobinsa, da batun ruwan Kwara, tunda Nijar tana gina madatsar Kandadji a sama, mu kuma Kainji da masuntan Yauri muna ƙasa. In kin ɗauki kwas ɗin, ki haɗa da koyon Faransanci tun yanzu, don yawancin takardun maƙwabtanmu da shi ake rubuta su.

Barista: Kuma kada ta yi wasa da dokar filaye da ta shaida. Su za a fara tambayarta ranar da ta fito daga makarantar horar da lauyoyi.