"Hali zanen dutse" ko "Icce tun yana ɗanye": wanne za mu kama?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni kan karin magana amma bari in fara da abin da ke cin raina. Ni ɗalibi ne nan Katsina, lissafi nike karantawa, kuma a makarantarmu akwai kwas ɗin tarbiyya da ɗabi'a da aka ce dole kowa ya yi shi, in ba ka kai kashi 75 na halarta ba ba ka zama jarrabawa, in ka faɗi kuma kariyoba ce kamar kowane kwas. Ɗaki cike har bakin taga, na baya ba ya jin abin da ake faɗi, sai dai a haddace ma'anar gaskiya da riƙon amana a je a zuba a takarda a fito. Tun sakandare muke wannan, Sibik, darasin zama ɗan ƙasa nagari, da aka maida dole a WAEC daga 2014 mun yi shi, a ɗakin jarrabawar ma na ga masu satar amsa kan tambayar illar satar amsa, wallahi da idona. Ni kaina duk wannan karatun bai hana ni kai ƙarfe biyun dare kan waya ba, bai hana ni makara ba. To Hausawa ba sun gama magana ba? Hali zanen dutse. In ba ya kankaruwa mi ya sa ake ɓata mana lokaci?

Baba Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam ɗana. Na ji kukanka kuma akwai gaskiya ciki, amma karin maganar ka ɗauke ta ka aje inda ba wurinta ba. Tun tasowata ban taɓa jin mutum ya faɗi "hali zanen dutse" a kan kansa ba. Wani ake faɗa wa, a kan wani, bayan an yi faɗan an yi nasihar an kira dangi an gaji. Misali mutum ya tsufa da rowa, ko mace ta yi aure uku duk fitina guda ke fiddo ta, sai a ce ku ƙyale, hali zanen dutse, don a sanyaya zuciyar wanda ke wahala da shi. Maganar haƙuri ce ga waɗanda aka dama, ba takardar izini ba ce ga mai halin. Ranar da yaro ɗan shekara ashirin ya fara faɗinta a kan kansa to ya rufe ma kansa ƙofa tun ba a rufe mashi ba.

Bakatsiniya:
Baba Allah shi ƙara girma, amma ina ganin ba kullum ake faɗinta don an gaji da mutum ba. Kakata takan faɗe ta wurin yabo. Akwai wani maƙwabcinmu da ya yi arziki ya karye, amma ko kwano guda aka kawo mashi sai ya kira almajiri sun raba, sai ta ce kun gani ko, hali zanen dutse, talauci bai goge ba. Kenan ba mugun hali kaɗai take nufi ba.

Baba Tsohon Hedimasta:
Haka ne ɗiyata, na yarda, ana faɗinta a yabo. Amma duba, shi ma ɗin dattijo ne kuma wani ya faɗa a kansa.

Ɗan Kusugu:
Ni ina bayan ɗalibin nan, kuma hujjata daga garinmu take. Marigayi Buhari, Allah shi jiƙan shi, shi da Idiagbon suka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, WAI, a watan Maris 1984. Ku tambayi iyayenmu, layi a tasha, layi a banki, ma'aikaci ya makara a sa shi tsallen kwaɗo gaban jama'a, kowa ya shiga taitayinsa. Agusta 1985 aka yi juyin mulki, ina layin ya tafi? Babangida ya zo da MAMSER, hukumar wayar da kan jama'a, a 1987, aka maida ita NOA a 1993, har shi Buharin ya dawo a farar hula ya sake ɗaga maganar canji ya fara daga kanka a 2016. Shekara nawa kenan gwamnati na koya mana ɗa'a kuma har yau je gidan mai ranar da ake wahalar fetur ka gani. Abin da soja da bulala bai zana ba malami da alli ne zai zana a awa biyu a sati?

Malama Rafindadi:
Ɗan Kusugu, ka manta tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata daga wancan zamanin ta samo asali kuma jihohi da dama sun ci gaba da ita shekaru bayan sojan sun tafi. Ba komi ya goge ba. Abin da aka maimaita ya zauna, abin da tsoro kaɗai ya riƙe ya tafi da mai bulalar.

Ni firamare nike koyarwa kuma abin da nike gani kullum shi ne ɗaya karin maganar, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka saba mashi da gaida mutane da wanke hannu da maida abin da ya ara tun aji ɗaya, har ya gama ba ka fama da shi. Wanda ya zo maka aji biyar da ashar a baki kuma gidansu haka ake yi, sai dai ka yi iya yinka. Addini ma ai haka ya tsara, a umarci yaro da salla yana shekara bakwai, ba a ce a jira ya balaga a kira shi lakca ba. Don haka ni a ganina karin maganganun biyu ba faɗa suke ba, ɗaya na maganar farko ɗaya na maganar ƙarshe. Inda nike tare da ƙanena mai tambaya shi ne yadda ake koyarwar. Ɗabi'a ba a auna ta da cike gurbi. Kuma yaro na kallon malamin fiye da allon, in mai koyar da riƙon amana shi ke tilasta sayen takardun darasinsa kafin a ci kwas, to darasin da ya koyar kenan, ba wanda ya rubuta ba.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Anti kin taɓo inda ke mani ciwo. To amma in iccen ɗanye ake tanƙwarawa, mu da muka kai jami'a ai mun bushe, kenan maganata ta tsaya, a kai kwas ɗin firamare a bar mu mu yi abin da ya kawo mu.

Almajirin Zaure:
Ɗan'uwa kar ka yi saurin cewa ka bushe. Wannan gardamar malamai sun yi ta tun da daɗewa. Imam Gazali ya kawo maganar masu cewa hali ba ya canzawa ya ba su amsa cewa in haka ne to wa'azi da nasiha da horo duk sun zama banza, kuma ya ce ta yaya za a ce ɗan Adam ba ya canzawa alhali ana horar da doki da kare da shaho su bar ɗabi'arsu. Amma bai ce ana tumɓuke hali daga saiwa ba, cewa ya yi ana sarrafa shi, mai zafin rai ba zai wayi gari ba shi da fushi ba sai dai ya koyi riƙe shi. Kuma akwai hadisin Ashajju na Abdul Ƙaisi da Annabi (SAW) ya ce mashi yana da halaye biyu da Allah ke so, haƙuri da natsuwa, wanda malamai ke kafa hujja da shi cewa wani halin da shi ake haihuwar mutum. Kenan akwai na halitta akwai na koyo. Mu a zaure littafin farko da ake ɗora ma yaro a fiƙihu, Ahalari, kafin a kai ga alwala sai an bi ta kan tuba da kiyaye harshe da kiyaye ido da nisantar abokin banza. Tarbiyyar dole ba boko ya kawo ta garin nan ba, garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani ne fa. Bambancin shi ne malamin zaure ya san ka, ya san babanka, in bai gan ka asuba ba zai tambaya.

Bakatsiniya:
Wannan na ƙarshen shi ne maganar. A ɗakin da malami bai san sunan kowa ba wa zai tambayi wa.

Ɗan Kusugu:
Allah shi gafarta Malam, to ya za mu yi da "albasa ba ta yi halin ruwa ba"? Muna ganin ɗiyan malamai da aka tanƙwara tun suna ɗanyu, allo da bulala da komi, suka tashi suka zama abin da suka zama. Ga kuma "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe". Duk wanda ka ɗauka akwai kishiyarsa, shi ya sa nike cewa karin magana ba ta yanke hukunci, kowa na jawo wadda ta yi mashi daɗi ne.

Baba Tsohon Hedimasta:
Ba ta yanke hukunci, gaskiya ne, kuma ba don haka aka yi ta ba, kowace da lokacin faɗinta. Amma bari in koma kan yaron nan don kar mu bar shi da abin da ya zo da shi. Ɗana, kwana kan waya da makara ba hali ba ne, sabo ne, kuma shi ma Hausawa ba su bar shi ba, sun ce sabo turken wawa. Turke kuwa ana tuge shi. Shekara nawa wayar take hannunka? Ba da ita aka haife ka ba. Na san mutanen da suka sha taba tun suna samari suka aje ta da furfura a kai, na san waɗanda suka shiga ajin yaƙi da jahilci da jikoki suka fito suna karanta wasiƙa da kansu. Kuma ka tuna ranar yaye ɗalibai ba ilimi kaɗai ake shaida ba, cewa ake an same ka ka cancanta a hali da ilimi, hali ake fara ambata. Makarantar da za ta sa hannu kan haka tana da haƙƙin ta ce wani abu kan halinka. Inda ta gaza shi ne ta ɗauka jarrabawa ta isa.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode Baba, na gode Malam. Maganar sabo ta shige ni, ba zan ƙara jingina wayar ga dutse ba. Amma kan kwas ɗin har yanzu ina nan inda nike. Da za a raba mu ƙananan rukuni, a ce wannan zangon ku je asibiti ku taimaki masu jinya, ku kuma ku koyar a firamaren unguwa, ku ku kwashe kwata kafin damina, a ba da maki kan wanda ya zo da wanda ya cika alkawari, wallahi da ni zan fara rubuta suna. Amma haddar ma'anar gaskiya don a ci maki ban ga abin da take gyarawa ba.

Malama Rafindadi:
To ƙanena ku rubuta wannan ɗin ku kai ma shugaban sashen ta hannun wakilin ajinku, da sa hannun ku da yawa ba kai kaɗai ba, kuma a rubuta da ladabi don kar a ce ga irin waɗanda kwas ɗin bai kama ba. In rukunin koyarwar ya tabbata ku zo makarantarmu, 'yan aji uku gare mu da ba su iya haɗa baƙi ba kuma malaman ba su isa ba.