Musayar waƙa: Sam Ervin, lauyan ƙauye na Karolina ta Arewa

Bazazzagi:
Yau Amurka na nufa. Mai bakin amsawa ya fito.

Lauya, soja, alƙali, sannan Sanata,
Riga huɗu, kowacce ta zauna masa.
A Faransa, 1918, ya ji raunuka,
A fagen daga jininsa ya jiƙa ƙasa.
Shekara 20 a majalisar dattawa,
Ya tsare Shugaba Nixon da bincike har ya sauko daga bisa.

Bakano:
Bazazzagi, gaban rigar ka nuna mana,
Juyo bayanta, can dauɗar ta taru.
A 1956 ya sa hannu a takardar 'yan Kudu,
Kar baƙi da fari a aji guda su haɗu.
Dokar 'yancin baƙar fata ta 1964,
Ya tsaya kai da fata don kar ta yiwu.

'Yar Katsina:
Sai Bakano! Wallahi ka kwance masa zani a kasuwa.

Malam Mai Aruli:
Bakano, ɗangonka na uku ya karye. Karanta shekarar nan da baki, tun daga dubu har shida, ka ji ko numfashi zai kai ka. Lamba ba ta shiga karin waƙa.

'Yar Katsina:
Allah gafarta Malam, shi Bazazzagi da ya cusa 1918 fa? Ko don makwabcinku ne ba ku gani ba?

Malam Mai Aruli:
Tasa ta ɗingisa ne, ta Bakano ta faɗi warwas. Da bambanci.

Bazazzagi:
Bakano ɗan kasuwa, komai sai ka taya,
Ko yabon mamaci sai ka nemi ragi.
Da Sanata McCarthy ke yi wa jama'a ƙazafin kwaminisanci,
Manya sun yi gum, sai ƙus-ƙus da magagi.
Ervin na kwamitin da ya ce a tsawatar masa,
Je ka bincika, ka daina yi mana zargi.

Bakano:
Ya ce shi tsohon lauyan ƙauye ne,
Alhali Harvard ya je ya sha karatu.
Kamar kai, mai shigar almajirai,
Ana taɓa ka sai Turanci da surutu.
Na yarda a Watergate, badaƙalar Nixon, ya yi jarumta,
Amma wariyar fa, ina ka sa batu?

Malam Mai Aruli:
"Ina ka sa batu" ba Hausa ba ce. An murɗe wuyan jimla don amsa-amo.

Bakano:
Malam, kullum gyara kamar bakanike,
Sako naka baitin mu ga ko zai tashi.

'Yar Katsina:
Shiru. Malam ya tafi alwala ke nan.

Ɗan Maraɗi:
Ku yi haƙuri, sai yau na samu intanet. Tsakanin McCarthy da Ervin, wanne ne alƙalin?

Bazazzagi:
Dukansu, ɗan'uwa. McCarthy ma lauya ne, ya yi alƙalanci a Wiskonsin, ya je yaƙin duniya na biyu, ya zama Sanata. Bakano, ga naka gwanin, ɗauka.

Bakano:
Allah ya kiyaye. Riƙe su duka biyun.