Ƙarar fanka a Prado ta ishe ni, me zan duba?

Mai_Jif_Hotoro:
Assalamu alaikum. Ina da Prado samfurin 2007, mai injin V6 lita 4, 'yar Kwatano. Kwanan nan fankar inji ta fara wani irin huci, in na taka totur sai ka rantse tifa ce ta ɗauko yashi. Da can ma takan yi haka in na tayar da ita da asuba, amma kafin in fita daga layinmu ta yi shiru. Yanzu kuwa babu safe babu dare, ko a titin Zariya ina gudu ƙarar tana nan, tana hawa da sauka tare da totur. Motar ta yi nauyi, mai kuma yana tafiya fiye da da. Allurar zafi tana ƙasa da rabi, wani lokaci ma da ƙyar take tashi. Abin da kawai aka yi mata shi ne watan jiya ƙanena ya kai ta gareji saboda allurar tana ɗan hawa in an shiga cunkoso da esi a kunne. Ya ce an gyara, ya biya, ban tambayi me aka yi ba. Daga ina zan fara?

Direban_Sakkwato:
Wa alaikumus salam. Alhaji, tunda ba ta zafi ka bar ta haka. A wannan rana ta bazara fanka mai ƙara ai rahama ce. Gara ƙara da ƙonewar gasket.

Oga_Sifana:
Direba, ban yarda da kai ba. Alhaji, ka riga ka ba da amsar da kanka a ƙarshen bayaninka, amma bari mu bi ta a tsanake.

Fankar wannan Prado ba ta lantarki ba ce irin ta Highlander ko Camry. Bel ne ke juya ta, kuma tsakanin fuli (ƙarfen da bel ɗin ke juyawa) da fuka-fukan akwai wani faifan alminiyam mai haƙarƙari, shi muke kira kulocin fanka. A cikinsa akwai man silikon mai kauri, a goshinsa kuma wani ɗan ƙarfe ne a naɗe. In iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi, ƙarfen sai ya murɗa ya buɗe wa man hanya, kuloci ya kama, fanka ta ja iska da ƙarfi. In iskar ta huce ya saki. Hucin da kake ji da asuba na minti ɗaya ko biyu lafiya ne, man ne ya kwanta cikin dare. Wanda ba ya tsayawa shi ne ciwo.

Gobe da safe, kafin ka tayar da ita, cire makulli ka sa a aljihu, ka buɗe bonet. Kama fiffike ɗaya ka juya. Mai lafiya zai juyu da ɗan tauri, sumul, ya tsaya da ka saki. In ya ƙi motsi ko kaɗan, ko ka ji yana gurzawa, kulocin ya daskare. Sannan ka girgiza shi gaba da baya. In akwai wasa, boris ya tafi, na kulocin ko na wata-famfo (famfon da ke zagaya da ruwa a cikin inji), domin a wannan injin fankar a jikin wata-famfo take zaune. Ka haska tocila ka duba ko mai ya tsiyaya ya kama ƙura a fuskar faifan, ka kuma duba gindin kowane fiffike ko ya tsage.

Kada wani yaron gareji ya ce zai tare fankar da tsumma ko kwali inji yana aiki. In a daskare take ba za ta tsaya ba, hannunsa za ta ɗauka.

Mai_Jif_Hotoro:
Oga, Allah ya saka da alheri. Na duba yau. Ko motsi ba ta yi, sai dai in ji bel ɗin yana ja. Da na haska sai ga kan ƙusoshi biyu an huda faifan an ɗaure shi. Na kira ƙanen nawa, ya ce e, bakaniken ya ce ya mai da ita "darek", wai ya kuma cire wani abu da ke toshe ruwa.

Oga_Sifana:
To shi ke nan. Abin da ya cire tamostat ne, shi ya sa allurarka ba ta tashi. Wannan aikin ya zama ruwan dare a garejojinmu, ana cewa tamostat na ƙasar sanyi ne. Ba haka ba ne, Prado nawa ke yawo a Saudiyya da Dubai da nasu a ciki? Aikinsa ya riƙe ruwa har inji ya kai wajen digiri 82 sannan ya buɗe. In babu shi inji yana daɗewa a sanyi, kwamfutar motar ta yi ta ƙara masa mai. Ga fanka kuma tana cin ƙarfin inji ko ba a buƙatarta. Shan man da nauyin da kake ji ke nan.

Abin da na fi tsoro shi ne fuka-fukan. Roba ce da ta kusa shekara ashirin tana shan zafi, kuma ba a yi ta don ta riƙa bin gudun inji kai tsaye ba. Ranar da ɗaya ya ɓalle a kan hanya, lagireto zai fara farkewa.

Faifan da aka huda ba ya gyaruwa, sai sabo. Nemi na Toyota ko na kamfanin Aisin. In na hannu za ka saya a Ƙofar Ruwa, juya shi da hannunka a gaban mai shago, ka tabbata babu alamar mai a jikinsa. Noti huɗu ne ke riƙe shi, ba babban aiki ba ne. A mayar da tamostat a rana ɗaya.

Direban_Sakkwato:
In an mayar kuma zafin cunkoson ya dawo fa? Ai dalilin kai ta garejin ke nan.

Oga_Sifana:
Tambaya mai kyau. Wataƙila tun farko tsohon kulocin ne ya mutu ya daina kamawa, sabon zai magance wannan. Amma Alhaji, tunda za a kwance wajen, a leƙa tsakanin kwandensar esi da lagireto. Ƙurar hunturu da ƙwari suna cushewa a nan, daga waje ba a gani. A wanke daga baya zuwa gaba, da ruwa mara ƙarfi don kada siraran haƙoran lagireton su lanƙwashe. A gwada murfin lagireto shi ma, in robarsa ta saki a canza.