Maganin soriyasis da maganar haihuwa, don Allah a ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana don Allah. Ina fama da soriyasis tun ina saurayi, wannan ciwon fatar mai yin faci-faci da farin ɓawo a gwiwa da gwiwar hannu da fatar kai. Da man shafawa nake lallaɓawa har ya zo ya daina ji, sai likita ya ɗora ni a kan metotireksat sau ɗaya a sati tare da folik asid, kuma gaskiya na ga amfaninsa sosai. To yanzu ni da madam muna neman haihuwa an kusa shekara shiru, sai na karanta takardar cikin kwalin maganin na ga wai yana iya rage ƙwayoyin maniyyi kuma wai namiji ya guji yin ciki yana kan shan sa, wallahi tun lokacin ban da sukuni. In daina ne kawai? Ko dai ya riga ya gama da ni?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Malam ka ajiye shi kawai, fata ai ba ta kai ɗa ba. Allah ya kawo masu albarka.

Amsa ta 2 (ma'aikaciyar jinya): A'a ɗan uwa kar ka ba shi wannan shawarar, in ya yanke da kansa ciwon zai iya dawo masa da ƙarfi ya rasa tudun dafawa. Mai tambaya kwantar da hankalinka. Metotireksat yana tare aikin folet (wani sinadarin bitamin) ne a ƙwayoyin jiki masu saurin rabuwa, shi ya sa yake kwantar da fatar, kuma masu samar da maniyyi su ma irin su ne, to akwai mazan da aka ga nasu ya ragu amma yana dawowa bayan an daina, ba ya gamawa da mutum. Jiki yana ɗaukar wajen kwana 74 kafin ya haɗa sabon maniyyi, daga nan aka samo wata 3 ɗin da ake cewa namiji ya jira bayan shan ƙarshe. Kuma ma ba kowa ya tsaya a kan jiran ba, ƙungiyar likitocin ciwon gaɓoɓi ta Amurka a ƙa'idarta ta 2020 ta ce namiji zai iya ci gaba da sha yana neman haihuwa saboda ba a ga ya ƙara nakasa a jariran irin waɗannan iyayen ba. Inda babu wasa ko kaɗan shi ne mace, ita in ta sha da ciki yana zubar da shi ko ya nakasa jariri, don haka ka adana shi nesa da madam.

Amsa ta 3: Ni tambaya zan yi maka, ka taɓa yin gwajin maniyyi ma kuwa? Don mu maza haka muke, sai mu ɗora laifi a kan magani ko a kan mata alhali ba mu je an duba ba. Ana so ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin ka bayar, a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 miliyan 16 a kowace mililita shi ne ƙasan abin da ake sa rai, kuma in na farko ya fito ba daɗi sai an maimaita don zazzaɓi kaɗai ma yana saukar da shi na ɗan lokaci. Ita ma madam a duba ta, ku je tare.

Mai tambaya: Gaskiya ban taɓa yi ba. Na manta ban faɗa ba, akwai kuma salfasalazin da aka ƙara min saboda ciwon gaɓoɓin yatsu.

Amsa ta 2: Yauwa, ai da wannan ka fara faɗa mana! Salfasalazin shi ne wanda aka fi tabbatarwa yana rage yawan maniyyi da motsinsa, fiye ma da wanda kake tsoro, amma shi ma yana gyaruwa wata 2 zuwa 3 bayan an tsayar. Ka koma wurin likitanka ka faɗa masa ɓaro-ɓaro haihuwa kake nema, yana da abin da zai canza maka. Akwai sayiklosforin, shi ba a san shi da taɓa haihuwar namiji ba a adadin da ake bayarwa sai dai ana lura da ƙoda da hawan jini kuma ba a daɗewa a kansa. Asitiretin, wani maganin soriyasis ɗin, mata ne ke jiran shekara 3 bayan sun daina kafin su ɗauki ciki, namiji ba haka ba, sai dai ba zai ba da jini ba tsawon wannan lokacin.

Amsa ta 4: Ni allurar adalimumab nake yi kuma ina kanta Allah ya ba mu ɗiyarmu lafiya lau. Ita da etanasef binciken da aka yi bai nuna suna ɓata maniyyi ba, sai dai kafin a fara sai an yi maka gwajin tarin fuka da ciwon hanta. Akwai kuma gashin haske da ake yi a asibiti, shi ba sha ake ba, rufe al'aura kawai ake yi lokacin da ake haskawa. Sannan wani abu da ba a cika faɗa ba, shi kansa ciwon in ya yi tsanani kumburin da yake sawa a jiki ba ya yi wa maniyyi daɗi, ga ƙiba ga sigari da suke yawan tafiya tare da shi, don haka barin magani gaba ɗaya ba lallai ya taimake ka ba.

Amsa ta 1: To na ji, amma ni da ni ne zan jira wata 3 ɗin nan ko don samun natsuwa.

Amsa ta 2: Ba laifi in shi da likitansa suka zaɓi haka, muddin an ba shi madadi kafin a cire. Mai tambaya in za ka je ka tafi da kwalayen duka biyun, ka roƙi a rubuta maka gwajin tun ranar kafin a taɓa komai, don a samu abin kwatantawa nan gaba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan yi wa madam maganar yau da daddare mu sa ranar zuwa.