Wane ƙaramin abu ne yake sanyaya muku rai a wannan yanayin?

Malamin Aji Huɗu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Wata magana ce take ta cina a rai na ce bari dai yau in kawo ta nan ko Allah zai sa a dace. Ni malamin firamare ne a nan Kano, shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa, ina da mata da yara huɗu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafina bai ƙara daidaituwa ba, litar da ba ta kai naira 200 ba sai da muka ga ta haura dubu kafin ƙarshen 2024, komai kuma ya bi bayanta, kuɗin adaidaita, kwanon masara, har omo da sabulu. To wannan kowa ya sani, ba shi ne ya kawo ni ba. Shekaranjiya ne ina kwance a ɗaki na ji 'yata ta biyu, shekararta shida, tana tambayar mamanta wai me ya sa Baba ba ya dariya yanzu. Wallahi jikina ya yi sanyi, don da na duba sai na ga gaskiya yarinyar ta faɗa, in na shigo gida fuska a ɗaure, in ci abinci in hau waya ina ta bin labaran tsada da na 'yan bindiga har bacci ya ɗauke ni, gari ya waye a sake.

Ba neman taimakon kuɗi nake ba don Allah a fahimce ni. Tambayata ita ce, ku da kuke cikin irin halin da nake ciki amma har yanzu ana ganin haƙoranku, me kuke yi? Wane ɗan abu ne wanda ba ya cin kuɗi ko yake cin kaɗan, da in kun yi shi kuke jin ranku ya yi fari ko da na awa ɗaya ne?

Goggon Yara Zazzau:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi wa wannan yarinya albarka, ta faɗa maka abin da manya suke gani su yi shiru.

Ni shekaruna sun haura sittin, jikata ce ma take taya ni danna wannan rubutun, kuma na ga tsada kala-kala tun zamanin da muke bin layin sayen madara da sabulu, don haka bari in faɗa maka abin da na riƙe. Ni farin cikina da asuba yake. In na idar da salla ba na komawa, sai in fito tsakar gida in zauna a kan 'yar kujerata, garin shiru sai carar zakaru, in ɗora ruwan koko, in kunna rediyona in ji BBC, wannan rediyon tare da marigayi maigidana muka saba sauraro kuma ban daina ba. Daga nan sai in zagaya wurin shukokina. Ba wani lambu ba ne fa, tsofaffin bokitai ne da buhunan siminti na cika da ƙasa da takin akuya, akwai zogale guda uku, na'ana'a, yakuwa, da lalle ɗaya a jikin katanga. Ruwan alwala da na wankin shinkafa nake zuba musu, ko kwabo ban kashe ba. Zogalen ma reshe na yanko a gidan maƙwabciyata na soka a ƙasa ya kama. Ranar da ka ga sabon toho ya fito a abin da kai ka dasa da hannunka, ɗana akwai wani daɗi a nan da ban san yadda zan kwatanta maka shi ba. Sannan ga kwaɗo, in na tsinko ganyen na dafa na sa ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan yaji, jikokina har rige-rige suke.

Amma kai ga naka maganin a gidanka, yara huɗu. In an yi isha'i ka ajiye wayar nan a ɗaki, ka fito da tabarma ka shimfiɗa a tsakar gida, balle in farin wata ne, ka ce ga ta nan ga ta nanku ka ji yadda za su amsa. Ko ta Gizo da Ƙoƙi ɗaya ka tuna ta isa, yara ba sa gajiya da maimaici. Mu haka iyayenmu suka yi mana kuma su ma ba wai sun tara ba ne.

Ɗan Maraɗi:

Sallama gare ku. Malam, mu nan Maraɗi mun sha tamu, bayan juyin mulkin Yulin 2023 anka rufe iyaka, hanyar Jibiya da muka dogara da ita ta tsaya cik, Najeriya kuma ta yanke wutar da take ba mu, ni da ke sana'ar walda sai na wuni ban kunna inji ba. Abin da ya riƙe ni wannan lokaci fada ce, wato majalisa kamar yadda kuke cewa. Mu bakwai ne, kullum bayan la'asar ƙarƙashin bedi ƙofar gidan babbanmu. Wani shi kawo ganyen shayi, wani sukari, wani gawayin dala goma, wanda bai da komai ranan shi kawo bakinshi, ba a tambaya.

Shi shayin ga ba a gaggawa da shi, nan ne sirrin. A ɗora 'yar buta bisa gawayi, a jira ta tafasa, a yi ta juyawa daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tashi, na farko da ɗaci, na biyu daidai, na ukku zaƙi da na'ana'a. Kafin a sha na ukku an kusa kiran magariba, kuma duk abin da ka zo da shi a zuciya ka faɗe shi, an yi maka dariya ko an ba ka shawara ko an ce mu ma haka. Akwai ranar da na fito gida ba ko dala a aljihu, raina ɓace, wani dattijo cikinmu ya miƙo min kofin farko ya ce sha, ɗacin ba ya daɗewa, na biyu na tafe. Har yau in abu ya yi min tsanani ina tuna maganar ga.

Shawarata Malam, in kana da majalisa da ka daina zuwa saboda kunyar ba ka da abin fiddawa, ka koma. Zumunci a ƙafa yake.

Mai Adaidaita Kurna:

Ni fa ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Ina girmama maganar Goggo da ta ɗan'uwanmu na Maraɗi, amma ina tsoron irin wannan hirar ta koma abin da ake yi mana kullum, talaka ya yi kuka a ce masa yi haƙuri, gode wa Allah, dubi na ƙasa da kai. E mun gode wa Allah, amma mutumin da ya fita tun shida na safe ya sha rana ya sha hayaƙi, ya sayi mai, ya cire balas ɗin mai mashin, ya koma gida da abin da bai isa cefanen gobe ba, wannan ba zogale a bokiti ne zai warware masa ba. Mutanen da suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a watan Agustan 2024 ba rashin tatsuniya ne ya fito da su ba, yunwa ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Albashin Malam ne ya kamata ya ishe shi, wannan hakkinsa ne, kar mu rufe shi da shayi.

To amma tunda tambaya aka yi ba zan ɓoye ba, ni ma ina da nawa. In na yi lodin ƙarshe wajen tara na dare akwai mai gurasar da nake tsayawa wurinsa, bandashe, a yayyafa mata ruwa a barbaɗa ƙuli da yaji a zuba mai da albasa da tumatir, in zauna a cikin mashin ɗina in kashe inji in ci a nutse ba mai ce min direba tsaya ko direba canjina. Minti goma sha biyar ɗin nan nawa ne ni kaɗai. Sai kuma ranar da Pillars take wasa a gida, in na samu hali in shiga filin ƙwallo na Ƙofar Mata in yi ihun Sai Masu Gida har muryata ta dushe, ko an ci ko ba a ci ba ina fitowa wasai.

Goggon Yara Zazzau:

Ɗana mai adaidaita gaskiyarka, ba wanda ya ce a daina neman hakki, a nema da baki da ƙuri'a da addu'a. Amma kafin hakkin ya zo yarinyar nan tana girma, ba za ta tsaya a shekara shida tana jiran a gyara albashi ba. Kuma ka ga kai ma ka ware wa kanka minti goma sha biyar ba ka bari kowa ya taɓa, to abin da muke faɗa kenan.

Sarkin Tattabarun Layinmu:

Malam ni ɗalibi ne, na girmama ka, amma bari in sa baki don wannan fannin nawa ne. Tattabaru. Da guda biyu na fara, mace da namiji, kawuna ya ba ni, na haɗa musu ɗaki da katakon kwalin tumatir da tsohon langa-langa a saman soro, yanzu sun kai ashirin da wani abu ban da waɗanda na sayar na biya kuɗin rajista da su. Abincinsu ba wahala, tsakin masara, gero ko dawa, da ruwa mai tsabta kullum. Ƙwai biyu take yi, kuma abin da zai ba ka mamaki ita da namijin karɓa-karɓa suke wajen kwanci, shi da rana ita da dare, kwana goma sha takwas haka sai ka ji 'yan shila suna tsuwa, kuma su biyun ne suke ɗura musu abinci baki da baki. Ni in abin duniya ya ishe ni, ko jarabawa ko yajin aiki an rufe makaranta muna zaune, sai in hau sama da yamma in watsa musu tsaba in sake su, su tashi su yi ta kewaya unguwa, in akwai hasken rana a fukafukansu kamar azurfa, can sai ka ga sun karyo sun dawo ɗaya bayan ɗaya, har akwai wata fara da take sauka a kafaɗata. Ba na iya tunanin komai a lokacin sai su. Kuma yaranka za su so su sosai, ƙannena har suna suka raɗa wa kowacce. Kawai ka kula da mage da ɓera, ka ɗaga ɗakin sama ka rufe da dare.

Anti Nas:

Salam. Na ji daɗin shawarwarin nan duka, ni ma nawa shi ne in na taso daga aikin dare in tsaya wurin mai ƙosai in saya da zafinsa in ci a hanya, da ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko bayan zafin bazara, wannan ko nawa aka ba ni ba zan sayar ba. Kuma akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito mai ma'anar cewa wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, da abincin yininsa, kamar an tattaro masa duniya ne. Ina yawan tuna shi in na fito daga ɗakin marasa lafiya da ƙafata.

Amma Malam a matsayina na ma'aikaciyar jinya akwai abin da ba zan wuce ban faɗa ba. Ɓacin rai saboda tsada daban, ciwon damuwa daban. In ka ga an kai sati biyu ko fiye kusan kullum ranka a ƙuntace, abin da da yake ba ka daɗi yanzu ko a jikinka, bacci ya lalace ko ya yi yawa, abinci ba ya shiga, jiki ba ƙarfi, kana jin kai ba ka da amfani, balle in tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, to wannan ciwo ne kamar hawan jini ko suga, ba raunin imani ba ne kuma ba hauka ba ne, kuma ana maganinsa a warke. A nan Kano akwai asibitin Dawanau, akwai sashen masu kula da wannan a asibitin Malam Aminu Kano, Kaduna akwai na Barnawa, Sakkwato akwai na Kware, Maiduguri ma akwai na tarayya. Mutanenmu da sun ji Dawanau sai su ja da baya, alhali da yawan masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa su ga likita su koma wurin aikinsu. Ban ce kana da shi ba, ka dai auna kanka da gaskiya. Sannan wayar nan da dare, ka rage, labarin da ka karanta sha biyun dare ba abin da za ka iya yi a kansa sai dai ya hana ka bacci.

Malamin Aji Huɗu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Anti na auna kaina kamar yadda kika ce, ina cin abinci ina bacci kuma har yanzu in ɗalibina ya iya karanta layin da jiya ya gagare shi ina jin daɗi har cikin raina, don haka ina ga ban kai can ba, amma na riƙe maganarki kuma akwai abokin aikina da zan kai wa ita don shi na ga alamun a tare da shi. Ɗan'uwa mai adaidaita ban ƙi taka ba ko kaɗan, muna nan muna bin hakkinmu ta ƙungiya.

Goggo jiya na bi umarninki. Bayan isha'i na bar waya a caji na fito da tabarma, da na ce ga ta nan ga ta nanku sai yaran suka tsaya suna kallona, mamansu ce ta amsa daga kicin ta ce ta zo mu ji ta, sai ga ta ta fito da ludayi a hannu ta zauna. Na yi musu ta Gizo da Ƙoƙi, ita ta yi musu ta Ɓotorami, ƙaramin ya yi bacci a cinyata kafin a kai ƙurunƙus, mai shekara shidan kuwa ta ce gobe ma, na ce mata in Allah ya kai mu.

Sarkin tattabaru, gidan haya nake ba ni da soro, amma akwai ɗan lungu bayan banɗaki da rana take samu da safe. Guda biyu za su zauna a nan? Kuma in na sayo su kwana nawa zan kulle su kafin in sake su ba su gudu gidansu na da ba?