Diyya ce ko jaje? A taya ni raɗa wa asusun nan suna

Salam jama'a. Ina neman taimakon malaman harshe da 'yan jarida, musamman masu fassara labarai a gidajen rediyo. Akwai abin nan da ake kira Loss and Damage a tarukan sauyin yanayi, har asusu an kafa masa, amma mu har yau ba mu tsaya a kan suna ɗaya ba. Wannan ya ce asusun diyya, wancan ya ce asusun tallafa wa ƙasashe matalauta, wani kuma ya ce "asara da lalacewa". Ukun nan fa ba abu ɗaya suke faɗa wa mai sauraro ba, kuma wanda ruwa ya ci gidansa a Maiduguri ko Maraɗi shi ya fi kowa haƙƙin sanin mene ne ake magana a kai da sunansa.

Don waɗanda ba su bi zancen ba: ba maganar rage hayaƙi ake ba, ba kuma maganar shirin jure wa sauyin ba irin su gina magudanai da samar da iri mai nuna da wuri. Wannan ana nufin abin da ya riga ya faru ne, ruwa ya ci, fari ya ƙone, teku ya cinye gari, toh wa zai ɗauki nauyi? Tun 1991 ƙasar Vanuatu ta kawo maganar a madadin ƙananan tsibirai, aka yi ta jan ƙafa shekara talatin da ɗoriya, sai a taron Sharm el-Sheikh na Masar a 2022 aka amince a kafa asusu, shi ma don a shekarar ce ambaliya ta shafi mutum miliyan 33 a Pakistan kuma ita ke jagorantar rukunin ƙasashe masu tasowa a wajen taron. A shekarar dai mu ma a Najeriya sama da mutum 600 suka rasu a ambaliya.

"Lalacewa" kam ni na cire ta tun farko. In ka ce abu ya lalace kamar da kansa ya lalace, ba hannun kowa, alhali nan akwai hannu, Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya amma mu ke kwana a makarantun firamare duk damina.

Wata Hajiya daga Damagaram ta rubuto cewa ita a ganinta a ce "asusun jaje" kawai, tunda abin da ake yi ke nan in gobara ko ruwa ya yi wa mutum ta'adi, a zo a jajanta a ba da abin da ya sawwaƙa. Hajiya wallahi kin faɗi yadda masu kuɗin suke kallon abin, tas. A taron Dubai na 2023 da aka buɗe asusun, Daular Larabawa ta yi alkawarin dala miliyan 100, Jamus ma 100, Amurka wadda ta fi kowace ƙasa tara hayaƙi a tarihi ta ce miliyan 17.5, duka-duka aka tashi da kusan miliyan 700, alhali abin da Pakistan kaɗai ta yi asara a ambaliyarta an ƙiyasta ya haura dala biliyan 30. Ai wannan jaje ne. Amma ban yarda mu da bakinmu mu kira shi haka ba Hajiya, don mai jaje ba a tuhumarsa, in ya kawo a gode in bai kawo ba shi ke nan, kuma "tallafi" da "agaji" ma duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ranar da muka saba wa kunnen jama'a da kalmar nan mun mai da kanmu masu jiran sadaka.

Sai wani Malam da ya dage a kan diyya, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Ya ce su ƙasashen da suka fi fitar da hayaƙin suna cewa ba da gangan suka yi ba, lokacin da suka fara ƙona gawayin kwal ba su san zai kai ga haka ba, toh a shari'a ai ko kisan kuskure ne akwai diyya. Allah ya gafarta Malam, zuciyata tana tare da kai, ni ma abin da nake so a biya ke nan. Matsalar ita ce asusun nan da ke ƙasa yanzu ba shi ba ne. A Paris a 2015 an sa batun asara a sashe na 8 na yarjejeniyar sauyin yanayi, amma a takardar da ta raka ta aka rubuta ɓaro-ɓaro cewa sashen bai ɗora wa kowa alhaki ba kuma ba hujjar neman diyya ba ne, Amurka ce ta tsaya kai da fata sai an sa wannan layin. Zuba kuɗi a asusun ganin dama ne, ba wanda aka yanka wa kaso, shi ya sa a 2025 Amurka ta fice daga kwamitin gudanarwarsa ba wanda ya iya tare ta. In ɗan jarida ya ce an kafa asusun diyya, manomi a Jigawa zai ɗauka an amsa laifi an yanke hukunci saura biya, alhali ba a yi ko ɗaya ba, kuma su ma an ba su lambar yabon da ba su ci ba. Kalmar diyya mu adana ta don abin da muke nema. Ƙofar ma ba a rufe take ba, a watan Yulin 2025 Kotun Duniya da ke Hague ta ba da fatawar cewa ƙasar da ta saɓa wa wajibinta kan yanayi za a iya bin ta biyan abin da ta jawo, kuma Vanuatu ɗin nan ce dai ta ja ragamar kai ƙorafin.

Abin da nake ba da shawara: asara da ɓarna. Asusun kuma Asusun Asara da Ɓarna.

Asara ita ce abin da ya tafi ba ya dawowa, rai, maƙabartar da ruwa ya tafi da ita, tsohon masallacin ƙasa na Zinder da ya rushe a daminar 2024, ko an sake gina wani ba shi ba ne. Ɓarna kuma ita ce wadda za a iya ƙiyastawa a gyara, gada, titi, rumbu, shago. Sannan ɓarna a kunnen Bahaushe tana da mai ita. In dabbobi suka shiga gona ba a cewa gona ta lalace, cewa ake an yi ɓarna, dagaci ya tura mutane su duba, a yi ƙiyasi, a nemo mai dabbobin. Kalmar ba ta ce an riga an biya ba, amma duk wanda ya ji ta zai tambaya wa ya yi, kuma iyakar gaskiyar inda aka tsaya ke nan yanzu.

Wani ɗan'uwa ya kawo "ta'adi" maimakon ɓarna. Tana da kyau, sai dai ta fi karkata ga ganganci, kuma ba ta zauna da asara a baki kamar yadda ɓarna ta zauna ba, gwada faɗa da sauri irin na mai karanta labarai ka ji.

Akwai wani dalilin da ya sa na fi son ɓarna, kuma wannan ya shafe mu nan gida. Tambayar wa ya yi ba a kan Turawa kaɗai za ta tsaya ba. Madatsar Alau da ta ɓalle a Satumban 2024 ta shanye Maiduguri, ruwan sama ya yi yawa ƙwarai amma madatsar ta daɗe tana neman gyara. Najeriya na da asusun kula da muhalli tun 1981, kuma tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye kotu ta ɗaure shi a 2018 kan karkatar da sama da naira biliyan ɗaya na irin kuɗin nan, daga baya aka yi masa afuwa. Toh in gobe kuɗin waje suka iso, Bankin Duniya ne ke riƙe da asusun asarar na wucin gadi, kwamitin asusun mutum 26 ne, 14 daga ƙasashe masu tasowa, shugaban ofishinsa ma ɗan Senegal ne Ibrahima Cheikh Diong, amma daga can zuwa hannun matar da ke tsugune a sansani akwai ma'aikatu da jihohi da ƙananan hukumomi a tsakani. In an ce mata tallafi ne, buhu ɗaya aka miƙo mata sai ta yi godiya ta tafi. In ta san kuɗin ɓarna ne za ta tambayi nawa aka ƙiyasta, nawa aka turo, ina sauran.

Ga yadda nake ganin za ta fito a labarai, masu aikin ku duba ko ta shiga: "Ƙasashen Afirka sun ce kuɗin da aka zuba a Asusun Asara da Ɓarna bai taka kara ya karya ba, sun kuma ce ba su janye buƙatarsu ta neman diyya ba."

'Yan'uwanmu na Nijar, ku da kuke fassarowa daga Faransanci, me kuke cewa a gidajen rediyon Yamai da Maraɗi da Tawa? In akwai wadda ta riga ta kama bakin jama'a a can ku kawo ta mu auna, gara a ce kalma ɗaya ake ji daga Kano har Agadas. Na Kamaru da Chadi da zangon Kumasi ku ma muna jiran ku.